Banki Ba Ya Tambayar Lambar Sirri

Kiran yakan zo da ladabi. Mai magana ya yi sallama, ya faɗi cikakken sunanka, wani lokaci har da ranar haihuwarka, sannan ya ce daga banki yake: za a rufe asusunka yau idan ba a sabunta BVN ɗinka ba. Sai ya ce yanzu za ka ga saƙo ɗauke da wasu lambobi, ka karanto masa. Waɗannan lambobin, da ake kira OTP, su kaɗai suka rage masa. Da zarar ka furta su, kai da bakinka ka ba shi izinin kwashe kuɗinka.

Sanin sunanka ba shaida ba ce. Mu da kanmu muke watsar da bayananmu: a fom ɗin tallafin bogi da ke yawo a WhatsApp, a kwafin takardar NIN da aka manta a shagon buga takardu, a katin ATM da ake miƙa wa mai POS har a faɗa masa lambar sirri a gaban jama'a. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tsofaffi da matan da ba su yi boko ba su aka fi cuta, saboda dole ta sa sun dogara da wani ya danna musu waya.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, gwamnati kuma ta umarci a haɗa layukan waya da NIN a Disambar 2020, layinka ya zama mabuɗin dukiyarka. Ɓarawon waya a kasuwa sau da yawa layin yake so. Zai zare shi ya sa a wata wayar, ya danna *565*0#, lambar BVN mai alƙaluma 11 ta fito. Daga nan yana iya sayen katin waya da kuɗinka, ya tura saura wani asusun, har ya ci bashi da sunanka a manhajojin ba da rance. Kai kana jimamin waya, masu bin bashi suna tafe.

Maganin wannan bai kai minti biyar ba: ka sa wa layin kansa lambar sirri, ban da ta fuskar waya. Ranar da waya ta ɓace, kafin cigiya, ka ari wayar wani ka sa banki ya toshe asusun, kamfanin sadarwa ya rufe layin.

Idan kuma irin wancan kiran ya shigo, kada ka tsaya gardama ko jin kunyar katse shi, domin gaggawar da yake sa ka ita ce jarinsa. Kashe wayar, ka taka zuwa reshen bankinka ka tambaya. Wanda aka riga aka cuce shi kuwa, ya sanar da banki a take, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, tun kafin a rarraba kuɗin zuwa wasu asusun.