Abin Da Za A Yi In Magudanar Ruwa Ta Toshe

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba za mu bar wannan kwaleji a rarraba mu makarantu, waɗansu a birni, waɗansu a ƙauyen da mai gyaran famfo sai an yi tafiya a kira shi, in ya zo kuwa ba a banza zai taɓa ba. Kome kuma ya lalace a makaranta, malami a kan fara dubawa. Saboda haka na ga ya kamata in yi ɗan bayani a kan toshewar magudanar ruwa, watau ta wurin wanke-wanke da ta wurin wanka. Abin kamar ƙarami, amma in ruwan ƙazanta ya kwanta, kwana 7 zuwa 10 ya ishi sauro ya fito daga ƙwai ya kai ga cizo. Ga kuma ƙudaje, su taka ruwan su taka abincin yara.

Da farko sai mu san ƙirar abin. In ka leƙa ƙarƙashin bahon wanke-wanke za ka ga bututun bai miƙe ba, ya lanƙwasa ya yi gwiwa, sa'an nan ya wuce. Ba kuskuren mai aiki ba ne. Kullum akwai ruwa kamar inci 2 kwance a wannan gwiwa, shi ne ya ke tare warin da ke tasowa daga rami, mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, ya kuma rage wa kyankyasai hanya. Wani mai ƙera agogo a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1775. To, amma inda ruwa ya ke kwanciya, nan datti ma ya ke kwanciya, don haka yawancin toshewa a gwiwar nan ta ke farawa.

Babban mai laifi a ɗakin girki shi ne mai. Man ja da kitse suna shiga da ɗuminsu kamar ruwa, da sun tarar da sanyin bututu sai su daskare su manne a jikinsa. Man ja ba ya narkewa sosai sai zafi ya kai kamar digiri 35, shi ya sa da hunturu a ka fi shan wahala. In man ya manne, kome ya zo wucewa sai ya kama shi: ragowar tuwo, ƙwayar shinkafa da za ta kumbura, ganyen shayi. Daɗin daɗawa mu nan muna goge tukunya da toka da yashi. Yashi ba ya narkewa, yana da nauyi, a gindin gwiwa ya ke zama ya cuɗu da man har ya yi tauri kamar daɓe. A wurin wanka kuwa gashi ne da dattin sabulu da tsinken soso, a kwatar waje kuma leda. Kada a ce mu kaɗai ke fama. A 2017 an tarar da curin kitse da tarkace a babbar magudanar unguwar Whitechapel ta Landan, tsawonsa mita 250, nauyinsa kamar tan 130.

Kafin ka taɓa kome, bincika inda cutar ta ke. In baho ɗaya ne kaɗai ruwansa ke jan jiki, sauran lafiya lau, toshewar tana nan kusa da shi. In kuwa duk gidan ne, ko ka zuba ruwa a ɗakin girki ya ɓullo a wurin wanka, to matsalar tana waje a babban bututu.

Mu fara da mai sauƙin. Cire murfin bakin magudanar, ka sami waya ka lanƙwasa bakinta kamar ƙugiya, ka jawo abin da ke ciki waje. Jawowa za ka yi, kada ka tura, don turawa sai ta kai dattin inda hannu ba ya kai. In mai ne, zuba garin sabulu kaɗan ka bi shi da ruwan zafi a hankali, sau biyu ko uku. Amma a lura, bututun roba da a ke sa wa yawancin gidaje ba ya son zafin da ya wuce kamar digiri 60, tafasasshen ruwa kan sa ya yi laushi, mahaɗinsa ya saki. A sauke tukunya a bari ta ɗan huce tukuna.

In wannan bai yi ba, sai robar nan mai kamar ƙoƙo da a ke kafawa a bakin sanda. Da yawa su kan ce ba ta aiki, alhali ba su ba ta haƙƙinta ba ne. Tilas a bar ruwa a bahon har ya rufe robar, gama iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, shi ne ke kai ƙarfin hannunka har wurin dattin. In bahon yana da ɗan ramin nan na sama inda ruwa ke fita in ya cika, toshe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Sa'an nan ka danna ka ja da ƙarfi kamar sau 15.

Ni dai a ganina abin da ya fi duka shi ne a kwance gwiwar kanta. A ajiye bokiti a ƙasa, a murɗe zoben sama da na ƙasa, sau da yawa da hannu ma su kan kwantu, a zazzage a wanke a mayar. Sai dai a kula da 'yar robar da ke cikin zoben, in ta ɓata yoyo zai biyo baya.

Sauran magana a kan soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita. Gaskiya ne tana aiki, domin tana mai da kitse sabulu, tana kuma cinye gashi. Amma yadda ta ke cin gashi haka ta ke cin fata, in ta fantsama a ido tana iya makantarwa, tana kuma cin tukunyar alminiyam. In ta zama dole, a sa safar hannu ta roba, a kāre ido, a zuba sodar kaɗan kaɗan cikin ruwan sanyi, kada a zuba ruwa a kanta, gama tana ta da zafi nan da nan. In kuma bututun ya toshe ƙurmus, ba na ba da shawararta ko kaɗan, don za ta tsaya a bahon ne ta jira wanda zai zo ya sa hannu. Haka nan kada a haɗa bilic da ruwan batir ko wani maganin wanke masai mai asid, hayaƙin kulorin da zai tashi yana ƙona huhu. Bakar soda da ruwan khal da waɗansu ke yabo kuwa, kumfa ce kawai, ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya.

In matsalar ta waje ce, sai a ɗaga murfin ƙananan ramukan dubawa da ke kan hanyar bututun. Wanda a ka tarar cike, toshewar tana gabansa. Wanda a ka tarar ba ruwa, tana bayansa. Daga nan a ke zura sandunan nan masu ɗaurin murɗi, ana juya su wajen dama kaɗai, don in an juya hagu sai su kwance su bar rabi a ciki. Wani lokaci ma ba datti ba ne. Saiwar itace ta kan kutsa ta mahaɗi, ko kuwa tun wurin gini ba a ba bututun gangare ba. Mai faɗin inci 4 yana bukatar ya sauka ƙafa 1 cikin kowace ƙafa 40. Da damina kuma ƙasa ta kan ƙoshi har sokawe ya kasa shanye ruwa. Waɗannan aikin gwani ne, a kira shi. Ko da wasa kada malami ya tura yaro, ko shi kansa ya shiga irin wannan rami, gama iskar cikinsa ta kan sumar da mutum kafin ya yi ihu, wanda ya bi shi ceto ma haka.