Gas ɗin kilim na tsohuwar mota: da sikeli ake zuba shi, ba da tafin hannu ba

A nan Tinyer, kan tudun Adamawa, mai mota kan yi watanni bai taɓa maɓallin kilim ba. Ya sauke gilashi, iskar Allah ta wadatar. Sai Maris ko Afrilu ya kama, tafiyar Garwa ta taso, inda zafi kan haura digiri 40, sannan a garzaya wurin mai gyara: "Maigida, a ƙara mini gas."

Wannan kalmar "ƙara" ita ke janyo asara. Gas ɗin sanyi ba fetur ba ne, ba ƙonewa yake yi ba. Zagaye yake yi a cikin rufaffun bututai, ya zama ruwa, ya koma iska, ya sake zama ruwa. In ya ragu sosai, to akwai inda yake yoyo. Kuma kowace mota da iyakar abin da take ɗauka, an rubuta shi da giram a wata 'yar takarda da ke manne a ƙarƙashin murfin inji. Ƙananan motoci galibi tsakanin giram 450 ne zuwa 700.

Yadda na sha ganin ana yi shi ne, a jona kwalbar gas, yaron gareji ya sa hannu a bakin da iska ke fitowa, ana zubawa yana cewa "saura kaɗan", har sai ya ji tafinsa ya yi sanyi. Wanda ya ɗan fi ƙwarewa ya dubi allurar agogon awo. To allurar nan matsi take nunawa, ba yawa ba. Abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan a darasin kimiyya, da misalin kwalbar gas ta girki: ko cike take ko ta kai rabi, muddin da sauran ruwan gas a ciki, matsin ɗaya ne, zafin wuri ne kawai ke ɗaga shi ko ya sauke shi. Haka gas ɗin R134a yake. Mota a kashe, in zafi yana digiri 25, allura za ta tsaya wajen bar 5 da rabi. A digiri 40 ta kai wajen bar 9, ba tare da an ƙara ko giram ɗaya ba.

In inji na aiki allurar tana da abin faɗa, amma maganarta ta danganta da zafin rana, gudun inji, lafiyar fanka, da ƙurar da ta toshe kwandensa, wato ragar da ke gaban lagireto. A nan ne zaman Tinyer ke yaudarar mutum. Wanda ya koyi aiki a Garwa, ya haddace lambar da allura ke kaiwa a can, in ya zo nan da sanyin safiya zai yi ta ɗura gas don ya cim ma lambar. Motar ta bar gareji lafiya lau. Ta wuce Ngaundare, ta sauka gangaren Mbe, zafin kwarin Binuwai ya buge ta, matsi ya yi sama, sai na'urar kariya ta dinga yanke kwamfireso, ko kuma tiyo ya fashe.

Haka ta faru da wani abokin aikina mai tsohuwar Carina. Sau biyu ana ƙara masa gas, sanyin na daɗa raguwa, mai kuma na ƙara tafiya. A Garwa wani dattijon mai gyara ya zuƙe komai, ya ɗora kwalba a sikeli, ya zuba daidai abin da takarda ta ce. Da abokina ya yi ƙorafin gas ɗin ya yi kaɗan, sai ya ce masa: "Malam, ko tuwo in ya wuce cikinka ciwo ne." Gas in ya yi yawa yakan cika kwandensa da ruwa, ya hana ta fitar da zafi, wani lokaci ruwan ya koma cikin kwamfireso, alhali shi iska aka yi shi ya matsa. In kuma ya yi kaɗan, man da ke bin gas yana jiƙa kwamfireso ba ya dawowa yadda ya kamata, sai ya ci kansa. Kuɗin sabon kwamfireso kuwa ya ninka na gas sau da yawa.

Aikin ƙwarai ba shi da wuya. A nemo yoyon a toshe. A jona injin zuƙa ya yi aƙalla minti 30 yana fitar da iska da laima, a kashe shi a ga ko allura za ta tsaya cik. Sannan a auna kwalba kafin zubi da bayan zubi. Sikelin lantarki irin na shago ma ya isa, in dai yana nuna giram.

Masu motocin da aka ƙera kafin wajen 1994, irin su Peugeot 505 da Marsandi 190 na farko-farko, sai su ƙara lura. Da gas ɗin R12 suka fito, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. In an mai da irin wannan mota zuwa R134a, ba adadin da ke takarda za a zuba ba, kashi 80 zuwa 85 cikin 100 nasa ake sawa, kuma dole a canja mai, don man R12 ba ya gauraya da sabon gas. Su ma motocin Turai na bayan 2017 da suka fara shigowa ta Duwala, R1234yf ke cikinsu, bakin jonawarsu ma daban ne.

Sai batun abin da ke cikin kwalbar kanta. R22 na kilim ɗin gida ne, matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. R600a na firij ne, yana kama wuta, kuma ba wanda zai so shi a motar da ke ɗauke da iyalinsa. Akwai kuma jabun R134a da ake gauraya da wani sinadari mai suna R40, mai cin alminiyam. A 2011 ya tarwatsa kwantenonin sanyi a Biyetnam da Birazil, ma'aikata uku suka mutu. In gas ya yi araha fiye da kima, ni dai ba zan bari a sa mini ba.

Kafin ma a kai ga kwalba, a wanke kwandensa da ruwa, don ƙurar hunturu da ƙaiƙayin ciyawar hanyarmu kaɗai kan kashe sanyi. Ko a lokacin ɗari a riƙa kunna kilim na minti 10 a mako, mai ya zagaya, robobin mahaɗa kada su bushe. In kuwa mai gyaranka ba shi da injin zuƙa da sikeli, ka sauke gilashi ka haƙura har Ngaundare.