Akwatin Ɗumama Iri: Yadda Masu Lambu A Ingila Ke Riga Sanyi

A ƙasar Ingila sanyi ba ya sakin gona da wuri. Akwai wuraren da raɓa ke daskarewa da dare har cikin watan Mayu, kuma dare ɗaya na irin wannan ya isa ya kashe tumatir ƙurmus. Wanda ya jira gari ya yi ɗumi kafin ya shuka, to, wani sanyin zai cim masa amfani bai nuna ba. Saboda haka masu lambu a can sukan fara renon iri a cikin ɗaki tun watan Fabrairu ko Maris, masu barkono kuwa tun Janairu.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarni na 19 masu lambun birnin Faris na Faransa sun shahara da tara kashin doki, su zuba ƙasa a kai, su kifa gilashi. Zafin ruɓewar takin shi ke tayar da iri. Yanzu lantarki ya karɓi aikin doki. Abin da ake sayarwa wani akwatin roba ne mai murfi garai-garai, an shimfiɗa waya mai ɗumi a gindinsa. Sai a jera tukwanen iri a ciki, a rufe, a kunna.

Dalilin wannan wahala shi ne kowane iri da zafin da yake so. Cikin 1954 masanan Jami'ar Kaliforniya ta Amurka suka fitar da sakamakon awon da suka yi. Tattasai a ƙasa mai zafin digiri 15 na Salsiyas yakan yi kwana 25 kafin ya fito, amma a digiri 25 kwana 8 ya ishe shi. Tumatir a digiri 10 sai ya haura kwana 40, a digiri 25 kuwa kwana 6 kacal. Irin da ya daɗe kwance cikin ƙasa mai sanyi da laima, sau da yawa ruɓewa yake yi, kuɗi sun tafi ke nan.

To, akwatin nan iri biyu ne. Na farko mai araha, ba shi da abin daidaita zafi. Ɗumi kaɗan yake ƙarawa bisa na ɗakin da aka ajiye shi, watau in ɗaki ya yi sanyi ƙwarai shi ma ba zai kai ba. Na biyu yana da na'ura mai kashe wuta da kanta in zafi ya kai inda aka sa, ta sake kunnawa in ya sauka. Ya fi tsada, amma shi ne na mai barkono da gauta, waɗanda ke son digiri 25 zuwa 30. Mai latas ba ruwansa da ko ɗaya, gama latas yakan ƙi tsirowa in zafi ya kai digiri 30.

Mai saye ya duba abu huɗu. Na ɗaya girma: ya auna tukwanensa kafin ya je kanti. Na biyu murfi: ya kasance mai tsawo, da ƙofar iska, don gumi ya riƙa fita. Na uku cin wuta: akwati mai wat 20 in ya kwana ya yini a kunne bai cika rabin yunit ba. Na huɗu ma'aunin zafi, wanda za a soka cikin ƙasar tukunya, domin zafin ƙasa shi ne abin lura, ba na iska ba. 'Yan kasuwa kuma su sani, kayan Ingila wutarsu ɗaya da ta Nijeriya, amma na Amurka an yi su don bolt 120, in aka jona su kai tsaye sai su ƙone.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin tsiro a ciki bayan ya fito. Zafi ba tare da isasshen haske ba yakan sa shi ya yi tsawo siriri, ya langaɓe. Laima mai yawa kuma tana kawo cutar da ke cinye gindin tsiro ya faɗi. Da zarar an ga kore, sai a buɗe murfi, a kai tukwane wurin haske, a riƙa saba musu da iskar waje kamar mako biyu kafin dashe.

Ina ruwan manomin Kano ko Zariya da wannan? Lokacin hunturu, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare a Kano yakan sauko wajen digiri 13, a Jos da tsaunin Mambila ya fi haka. Shi ya sa renon attarugu ke nawa a watannin nan. Amma rana tana ɗumama ƙasa, don haka yawancin masu noman rani ba su bukatar akwati. Rufe fangalin reno da busasshiyar ciyawa, da ba shi ruwa da hantsi maimakon magariba, ya wadatar. Wanda ya rufa leda da dare lalle ya yaye ta da safe, in ba haka ba rana ta dafa irin.

Wanda akwatin zai yi wa rana shi ne mai sayen irin zamani mai tsada, da ake ƙirga ƙwayarsa, a wuri mai sanyi, kuma yana da wuta tsayayya. In wuta za ta ɗauke tsakar dare, lokacin da aka fi bukatarta, to, gara ya riƙe kuɗinsa ya sayi taki.