Zazzaɓin Kwamfuta: Me Ya Sa Take Binciken Faifanta Kullum Aka Kunna Ta?

Wani malamin sakandare a Gaya ya kawo mini kukan kwamfutar da suke ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibai a cikinta. Duk lokacin da aka kunna ta, sai ta tsaya binciken faifanta na ajiya kafin ta buɗe, shi kuwa yakan danna maɓalli ya katse binciken don sauri. A fanninmu na nazarin halittu mun san cewa zazzaɓi alama ce ta wata cuta da ke ɓoye a jiki. Haka wannan bincike yake a wurin kwamfuta.

Yadda abin yake faruwa

Faifan ajiya yana da wani kundi da ke nuna inda kowane fayil yake. Idan kwamfuta ba ta kammala rubutu a kundin ba, ko ta tarar da kuskure a cikinsa, sai manhajar Windows ta kafa wa faifan wata 'yar tuta mai ma'anar "akwai gyara". Da an sake kunnawa, sai ta ga tutar, ta kira manhajar bincike. A zamanin Windows 98 ScanDisk ke wannan aiki, yanzu kuwa CHKDSK ce. Muddin tutar ba ta sauka ba, binciken zai yi ta dawowa.

Dalilai uku

Na farko shi ne ɗaukewar wuta ana cikin aiki, ko kashe janareta kafin a rufe kwamfuta, ko danne maɓallin wuta da ƙarfi. Wannan ya fi yawa a makarantunmu na Gaya da Ajingi. Na biyu shi ne katse binciken, kamar majinyacin da ya daina shan magani kafin ya ƙare. Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne lalacewar faifan kansa. Faifai mai juyawa yana zagaye sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, don haka tsufa da jijjiga da zafin bazara suna yi masa illa, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe hanyoyin iska.

Matakan magani

1. Kafin komai, a kwafe muhimman fayiloli zuwa wata ma'ajiya daban, domin bincike mai zurfi yana wahalar da faifan da ya riga ya raunana.
2. A sake kunna kwamfutar, a bar binciken ya kai ƙarshe, sannan a rufe ta bisa ƙa'ida. Sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.
3. Idan ya dawo, a buɗe Command Prompt da izinin mai kula da kwamfutar, a rubuta fsutil dirty query C: domin a ga ko tutar tana nan.
4. Idan tana nan, a rubuta chkdsk C: /r, a amsa da Y, a sake kunnawa. Wannan yana gyara kundin, ya kuma ware sassan faifan da suka mutu. Yakan ɗauki sa'o'i, saboda haka a tabbatar akwai wadatacciyar wuta.
5. A duba rahoton lafiyar da faifan yake ajiyewa game da kansa, wanda ake kira SMART, ta manhaja irin CrystalDiskInfo. Idan ta yi gargaɗi, ko ana jin faifan yana ƙas-ƙas, a sauya shi.

Akwai umarnin chkntfs /x C: da ke hana binciken fitowa. Wasu masu gyara suna gaggawar amfani da shi, alhali daidai yake da ba mai zazzaɓin cizon sauro farasitamol kaɗai: zafin jiki zai sauka, ƙwayar cutar tana nan cikin jini.

Kammalawa

Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB, don haka kowace kwamfuta da ke makaranta dukiya ce ga ɗalibai. Rigakafi ya fi magani: a haɗa ta da na'urar UPS mai riƙe wuta na 'yan mintoci, a rufe ta kafin a kashe janareta, a lulluɓe ta bayan an tashi. Malamin nan ya bar binciken ya kammala, amma bayan kwana biyu ya dawo, rahoton SMART kuma ya nuna faifan ya gaji. Da yake ya riga ya kwafe sakamakon ɗalibansa, kuɗin sabon faifai kawai makarantar ta kashe.