Ƙaiƙayin matsematsi: kunya da man kemis ke raya shi

Daga watan Maris da zafin Abuja ke tsananta har zuwa ƙarshen damina a Oktoba, gumi ba ya bushewa a jikin ɗan acaɓan da ke yini a kan babur tsakanin Nyanya da Karu, ko leburan gini a Lugbe. A wannan damshin ne ƙaiƙayin matsematsi ke kama mutum. Da yawa kan ce "sanyi ne", su zargi ban-ɗaki ko iyalinsu, alhali galibi makero ne ya sauka a wurin.

Ƙwayar fungas ce ke kawo shi, dangin fumfuna, wadda ke cin saman fata. Wadda ta fi yawa ita ce Trichophyton rubrum. Matsattsen wando na roba, ƙiba da ciwon suga suna ba ta wurin zama, tana kuma yaɗuwa ta tawul ko gajeren wandon da aka yi aro. Sau da yawa daga tsakanin yatsun ƙafar mutum take hawowa lokacin sa wando.

Tabon yakan yi zobe, bakinsa a tashe yana ɓarewa, tsakiyarsa ta lafa, kuma yakan ƙyale fatar 'ya'yan maraina. In ya yi ja jawur da ƙananan ƙuraje a gefe, likita zai fi zargin wata ƙwayar fungas, Candida. Akwai kuma erythrasma, ta bakteriya, wadda ke haske ja a ƙarƙashin fitilar gwaji ta Wood.

Gwajin ba wuya. A sashen fata na Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, ana kankare bakin tabon, a ɗiga sinadarin KOH, a duba zaren ƙwayar a madubin likita.

Abin da ke ɓata wannan aiki shi ne man shafawa mai haɗi uku da ake saya a kemis, mai ɗauke da betamethasone ko clobetasol. Yana kwantar da ƙaiƙayi, zoben ya dushe, ƙwayar kuma ta ci gaba da yaɗuwa har likita ya kasa gane ta da ido. A Indiya, yawan shafa irinsa na cikin abin da ake dangantawa da yaɗuwar ƙwayar Trichophyton indotineae, wadda aka raɗa wa suna a 2020, mai bijire wa maganin terbinafine.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka je asibiti, ka tafi da kwalin duk man da ka shafa, ka kuma nuna wa likita ƙafarka.