Ƙafafun Ƙarfe a Gonar Sola: Tutiya, Tsatsa da Ƙasar Taura

Duk wanda ya ga tashar lantarki mai amfani da hasken rana, irin ta Chalawa da ke Kumbotso a Kano mai ƙarfin megawat 10 wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, farantan ne ke fara ɗaukar idonsa, alhali kuwa dubban turakun ƙarfen da ke ɗauke da su su ne ke yanke hukuncin tsawon ran aikin. Masu ƙera faranti kan ba da tabbacin shekara 25, don haka wajibi ne abin da aka ɗora shi a kai ya kai wannan wa'adi yana tsaye cikin rana da ruwa da ƙurar hunturu, ba tare da tsatsa ta ci gindinsa ba.

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne tsoma ƙarfen cikin narkakkiyar tutiya, wato farin ma'adinin nan da ake lulluɓe kwanon rufi da shi, kuma irin wannan ƙarfe ne 'yan kasuwa da masu walda ke kira galbanaiz. Bayan an yanka turaku an huda musu ramukan noti, sai a wanke su da asid domin fitar da datti da tsohuwar tsatsa, sannan a nutsar da su cikin kwarmin tutiya mai zafin kusan digiri 450, inda tutiyar kan haɗe da fuskar ƙarfen ta zama jiki guda da shi. Kaurin wannan rufi a kan ƙarfe mai nauyi kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne kawai, amma yana da wata siffa da fenti ba shi da ita, domin idan aka karce wurin har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke gefe ce ke narkewa a hankali a madadinsa. Wani Bafaranshe mai suna Stanislas Sorel ne ya yi rajistar wannan dabara tun cikin shekarun 1830.

Idan za a kafa irin wannan tasha a ƙaramar hukumar Taura, da ke masarautar Ringim a Jigawa, tambayar da ta fi muhimmanci tana ƙarƙashin ƙasa. Ƙaramar hukumar ta haɗa tudun rairayi da fadamar Kogin Haɗeja, kuma kowace ƙasa da irin matsalarta. Rairayi ba ya riƙe ruwa, saboda haka tsatsa ba ta samun wurin zama sosai, sai dai bai cika damƙe turke ba, kuma iskar da ke gabatar hadarin farkon damina, idan ta shiga ƙarƙashin jerin farantan da aka karkata zuwa kudu, ɗaga su take neman yi sama. Wannan ne dalilin da ya sa injiniyoyi ke kafa turken gwaji su ja shi da na'ura kafin su tsayar da zurfin da za a bi. Laka kuwa tana riƙe danshi wata da watanni, ta kumbura da damina ta tsage da rani, kuma a nan ne tutiya ke saurin ƙarewa, musamman a daidai wuyan turke inda ƙasa da iska suka haɗu. Ambaliyar 2022, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Jigawa, ta isa hujjar a ɗaga farantai da akwatunan waya sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, ko da hakan zai ƙara kuɗin ƙarfe.

Ɓarnar da ta fi yawa, duk da haka, a hannun ma'aikata take faruwa. Idan turke ya ƙi daidaita da ɗan'uwansa, mai walda kan yanke shi ya liƙa, wutar ta ƙone tutiyar wurin, sannan a fesa fenti mai ruwan azurfa a rufe tabon, wanda ido ba zai bambance shi da na gaske ba sai bayan damina biyu ko uku, lokacin da jan ruwa ya fara zirarowa daga mahaɗar. Shi ya sa ake haɗa sassan da noti, shi ma mai tutiya, kuma mai karɓar kaya kan auna kaurin rufin da ƙaramar na'urar maganaɗisu tun ana sauke su daga tirela. Ko ajiyar ma tana da ƙa'ida, domin turakun da aka jibge a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, iska ba ta ratsa tsakaninsu, sukan fitar da farin gari a jikinsu tun kafin a kafa ko ɗaya.