Idan Faks Ya Ƙi Fitowa, Ta Ina Za A Fara?

Har yau asibitocin Amurka da ofisoshin Japan da Jamus suna aiki da faks, kuma mai hulɗa da su ba zai rasa ranar da za a ce ya karɓi takarda ta wannan hanya ba. Da zarar saƙo ya ƙi zuwa, sai a ɗora wa na'ura laifi a kira mai gyara. A ganina wannan gaggawa ce, domin sau tari laifin na layin waya ne, ko na mai aikowa.

Fara da layin. Zare wayar daga na'urar ka jona tarho, ka saurara. In ka ji shiru ko ƙaraurau, kamfanin waya za ka nema. In layin garau yake, duba bayan na'urar: wayar bango tana shiga ramin da aka rubuta wa LINE, ba na EXT ba. Sannan ka tabbatar an saita na'urar ta amsa kira da kanta, don in an bar ta sai an danna da hannu, za ta yi ta ƙara har mai aikowa ya haƙura.

Matsalar da ta fi ɗaure kai ita ce ta layin da ke bi ta intanet. Tsarin da faks na zamani ke bi an amince da shi ne a 1980, lokacin wayar jan ƙarfe. Na'urar mai aikowa tana mayar da hoton shafi sauti ne, ta aika. Layin intanet kuwa yana daddatsa sauti yana matse shi, wani guntu ma ya ɓace a hanya. Kunnen mutum ba ya lura, amma faks sai ya yanke a tsakiyar shafi. Rage gudun na'urar daga 33,600 ko 14,400 zuwa 9,600, ka gwada kashe ECM, wato tsarin gyaran kuskure, sannan ka tambayi kamfanin layin ko suna da tsarin T.38, wanda aka yi musamman don faks ta intanet.

In saƙo ya shigo amma da baƙin zane daga sama har ƙasa, akwai gwaji mai sauƙi: yi kwafin wata takarda da na'urar. Kwafi ya fito fes? To gilashin mai aikowa ne ke da datti, ka ce masa ya goge ya sake turowa. In zanen ya biyo kwafin, matsalar tana ɓangaren bugawa na taka na'urar, a duba tawada.

Wani lokaci saƙon ya iso, yana ajiye a ƙwaƙwalwar na'urar saboda takarda ko tawada ta ƙare. Kada ka kashe ta kafin ka buga shi, wasu na'urori kan yi asararsa idan wuta ta daɗe a ɗauke. Danshin damina yana sa takardu su manne su maƙale, ƙurar hunturu kuma tana sa robar da ke jan takarda santsi. Tsumma mai ɗan laima ya isa a goge ta.

Masu tsohuwar na'ura mai naɗaɗɗiyar takarda su lura: zafi ne ke yin rubutu a kanta, kuma a fuska ɗaya kawai. In shafi ya fito fari tas, an sa naɗin a juye ne. Karce da farce, fuskar da ta yi baƙi ita za ta kalli kan bugawa. Rubutun irin wannan takarda yana dusashewa da zafin rana, saboda haka rasit ko yarjejeniya da ta zo a kanta, a yi mata fotokwafi tun ranar.